Kafin Baba ya koma gida shan rana, a fara tambaya: ina asibiti yake?

Gaisuwa ga iyayenmu, malamanmu, da 'yan uwa maza da mata na nan Badun da kewaye, da waɗanda ke bibiyar wannan shafi daga Shagamu, Agege, Abekuta da sauran garuruwan Kurmi.

Duk shekara idan damina ta yi nisa, wajen Yuli zuwa Satumba, akwai maganar da muke ji a bakin dattawanmu, a ƙofar masallaci a Sabo ko a rumfunan Bodija da Akinyele: "Danshin nan ya ishe ni. Gwiwa ta ƙi, baya ya ƙi. Bari in tattara in koma gida inda rana take, jikina ya sha zafi, in ƙarasa sauran kwanakina cikin dangi." Duk wanda ya ji wannan magana ya san tana da tushe. Mutum ya shekara 30 ko 40 yana fataucin goro ko shanu ko albasa, ko yana jan tirela, ko yana gadi, ko ya gama aikin soja ko na reluwe, dole ransa ya so hutu a inda aka binne cibiyarsa. Bayan abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021 kuwa, da yawa daga cikinmu sun ƙara jin cewa kome daɗewa gida ake komawa.

Mu a ƙungiyance ba mu hana kowa komawa, kuma ba mu da hurumin hanawa. Abin da ya sa muka yi wannan rubutu shi ne mun lura da yadda ake yanke shawarar. Ana tambayar fili, ana tambayar kuɗin bulo da kwano, ana tambayar gona da rijiya da nisan masallaci. Asibiti shi ne na ƙarshe a lissafi, sau da yawa ma ba ya shiga. A ganinmu, ga wanda ya haura 60, musamman mai hawan jini ko ciwon suga ko matsalar ƙoda ko zuciya, tambayar asibiti ita ya kamata ta zo gaba da tambayar rana da danshi.

Ga abin da ya faru da wani dattijo cikinmu. Mun sakaya sunansa da garinsa, waɗanda suka sani sun sani. Ya daɗe yana da hawan jini da suga, amma jikinsa lafiya lau, domin yana da kati a wani asibiti da ba ya wuce tafiyar keke ɗaya daga gidansa, kuma duk wata yana zuwa awo. Ya sayar da rumfarsa, ya gina gida mai kyau a ƙauyensu, ya tafi bayan babbar Sallah. Watannin farko sai saƙon murya yake turo mana yana cewa ya huta, yana cin tuwon dawa da man shanu, gwiwa ta daina. Da maganin da ya tafi da shi ya ƙare, mai kemis ɗin ƙauyen ba shi da irinsa, ya ba shi wani ya ce duk ɗaya ne. Tsinken gwajin suga ya ƙare, babu inda ake sayarwa sai birni. Wani dare cikin Agusta, bayan an tafka ruwa, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Babu mai bin wannan hanya da dare saboda halin tsaro. Da gari ya waye rafi ya kawo, aka goya shi a babur ta zagaye zuwa babban asibitin ƙaramar hukuma. Can suka yi iya ƙoƙarinsu, amma ba su da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, suka rubuta takarda zuwa asibitin koyarwa a babban birnin jihar. Sai washegari ya isa. Yana raye, alhamdu lillahi, amma ba ya tafiya, maganarsa ma sai na kusa ke ganewa. Mun yi karo-karo sau biyu mun tura. Duk lokacin da muka bi rumfa-rumfa da takardar tara kuɗin, abin da ke ranmu shi ne: da mun zauna da shi rabin sa'a kafin ya tafi mun yi masa tambayoyi biyar, wataƙila da ya zaɓi wani wurin zama.

Likitoci suna nanata cewa a shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya, sa'o'in farko su ne kome. Abin da aka rasa a cikinsu da wuya a dawo da shi. Shi ya sa nisan asibiti bai kamata a auna shi da kilomita ba. A auna shi da lokaci, kuma a mafi munin yanayi: ƙarfe 2 na dare, cikin Agusta, babu sabis a waya, babu mai a mota.

Bari mu duba maganar zafin kanta. Gaskiya ne masu ciwon gaɓoɓi da yawa suna jin sauƙi idan jiki ya ɗumama, kuma danshin damina a nan yana takura musu. Amma zafi ba ya mayar da gwiwar da ta cinye, sauƙin raɗaɗi kawai yake kawowa. Sannan zafin da muke tunawa daga ƙuruciya, da jikin ɗan shekara 20 muka ɗauke shi. Daga Maris zuwa Mayu, a Sakkwato, Birnin Kebbi, Nguru ko Maiduguri, ma'aunin zafi yana haura 40 a kwanaki da yawa. Jikin tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar na yaro, ruwa yana ƙarewa a jikinsa bai sani ba. Idan kuma yana shan irin maganin hawan jinin da ke sa yawan fitsari, abin ya zama biyu: jiri, faɗuwa, da nauyi a kan ƙoda. Mai allurar insulin yana da tasa damuwar. Kwalbar da ba a buɗe ba wurinta firij, tsakanin 2 zuwa 8 a ma'auni, wadda aka buɗe kuma tana kai kimanin mako 4 ne idan zafin ɗaki bai wuce 30 ba. A ɗakin kwano cikin Afrilu, babu wuta, wannan lissafi ya rushe. Randa mai jiƙaƙƙen yashi tana taimakawa, amma ba ta zama firij.

Bayan bazara ga hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura da hazo suna tayar wa masu asma da tsohon tari, sanyin asuba kuma yana shiga ƙashi fiye da danshin da aka gudo wa. A ranin nan ne kuma sanƙarau ke ɓulla, waɗanda suka ga 1996 ba su manta ba. Saboda haka kowane wuri da nasa lokacin wahala. Wanda ya bar Kurmi don gudun damina, musayar wata wahalar ya yi da wata, kuma ya kamata ya san wadda jikinsa zai fi iya ɗauka kafin ya sayar da kome.

Kada wani ya fahimce mu da cewa Arewa ba ta da asibiti. Tana da su, manya ma. Akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake wankin ƙoda har da dashenta. Akwai na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, na Jos, na Bauchi, na Gombe, da na tarayya a Katsina. Akwai cibiyoyin lafiya na tarayya a Gusau, Azare, Nguru da Birnin Kudu. Mai ciwon ƙashi yana da Dala a Kano, mai ciwon ido yana da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano. Mutanen Nijar da Chadi ma suna tsallakowa neman magani a wasu daga cikinsu. Matsalar ita ce duk waɗannan a birane suke, mu kuwa idan muka ce "gida", yawancinmu ƙauye muke nufi. A ƙauye abin da ake samu shi ne asibitin sha-ka-tafi, wanda aka tsara don awon ciki, rigakafin yara da zazzaɓin cizon sauro. Ma'aikatansa suna ƙoƙari, amma ba a gina shi don tsoho mai cuta uku a jiki ɗaya ba.

Haka kuma ba mu ce nan aljanna ce ba. Mun san layin kati tun asuba, mun san yajin aiki, mun san likitoci na ficewa ƙasashen waje, kuma kowa ya ji yadda aka yanke wa UCH wuta a ƙarshen 2024 saboda bashi har aka shafe watanni. Haya tana tashi, abinci ya fi tsada, ga bambancin harshe da ke sa wasu iyayenmu kasa bayyana wa likita abin da ke damunsu. Duk da haka, mazaunin Sabo ya bi ta Mokola, cikin 'yan mintuna yana ƙofar UCH, kuma a cikinta akwai cibiyar kula da tsofaffi ta Cif Tony Anenih da aka buɗe a 2012, wadda aikinta kenan kawai. Wannan ni'ima ce da ba a ganinta sai an yi nisa da ita.

To waɗanne tambayoyi ne muke so kowane gida ya yi?

Ta farko: wace cuta ke jikin Baba ko Mama yanzu, kuma me take buƙata a kai a kai? Mai hawan jini kaɗai yana buƙatar awo da magani mai kyau, wannan ana iya samu a gari matsakaici. Mai wankin ƙoda yana buƙatar inji sau 2 ko 3 a mako, kowane zama kimanin sa'a 4. Irin wannan ba shi da zaɓin ƙauye ko kaɗan, dole ya zauna inda injin yake. Mai hawan jinin ido yana buƙatar ɗigo kullum da awon ido, domin ganin da ya tafi ba ya dawowa. Dattijon da fitsari ke toshe masa yana buƙatar wanda ya iya sa roba cikin dare. A je wurin likitan da ya saba duba shi a gaya masa niyyar ƙaura, a ji me zai ce.

Ta biyu: minti nawa ne zuwa asibitin da zai iya wannan aikin? Asibitin da ke da likita a daren Asabar muke nufi, da ɗakin gwaji, da iskar oksijin, da wurin ƙarin jini. A aika yaro ya je ya gani da idonsa, ya shiga ya tambaya. Gani ya kori ji. Ginin da aka yi wa sabon fenti ba shi ne shaida ba.

Ta uku: ina za a riƙa samun maganin, kuma na gaske? Tun 2023 da darajar naira ta faɗi kuma wasu manyan kamfanonin magani na ƙetare suka tattara nasu, farashi ya yi sama, jabu kuma ya samu kasuwa. Maganin hawan jini da na suga ba a shan su sai an ji ciwo, kullum ne har iyakar rai. Wanda ya daina don ya ji garau, shi ne ake kwasa rana tsaka. A san kantin magani mai rajista da za a dogara da shi, a san wanda zai riƙa sayowa, a san ranar da zai ƙare.

Ta huɗu: wa zai yi jinya? Kowa ya san yadda asibitocinmu suke, Kudu da Arewa. Mai jinya ne ke sayo magani, ya kai jini ɗakin gwaji, ya kawo abinci, ya juya mara lafiya, ya kwana a baranda, ya nemo masu ba da jini. Wannan tambaya tana iya goyon bayan komawa gida, idan can ne 'ya'ya da ƙanne suke. Amma da yawa daga cikinmu 'ya'yanmu a nan aka haife su, a nan suke sana'a, a nan suka yi aure. Waɗanda suka rage a ƙauye tsofaffi ne irinmu, matasan sun tafi ci-rani. Dangi da za su zo sannu suna da yawa. A ƙirga waɗanda za su iya barin gona su kwana 20 a asibiti.

Ta biyar: da wane kuɗi? Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mara lafiya yake fita. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Yawancinmu kuma ba mu da fansho ko garatuti, jarinmu ne fanshonmu. Idan aka zuba shi duka a bulo da siminti, ranar ciwo sai a sayar da gona. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar NHIA a madadin NHIS, kuma tana da tsarin GIFSHIP wanda ɗan kasuwa ko iyali ko ƙungiya za su iya shiga ba sai ma'aikacin gwamnati ba. Jihohi ma suna da nasu: OYSHIA a nan Oyo, Ilera Eko a Legas, KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna. Abin lura shi ne tsarin jiha galibi a asibitocin jihar yake aiki, saboda haka mai katin Oyo kada ya ɗauka zai ci gaba da amfani da shi a Zamfara. Ma'aikacin da zai yi ritaya shi ma ya tambaya tun da wuri ko katinsa zai ci gaba, domin tsarin ma'aikata a kan albashi aka ɗora shi. Inshora ba ta ɗaukar kome da kome, amma awo da maganin wata-wata kaɗai idan ta ɗauke, an rage kaya.

Mun san abin da wasu iyayenmu za su ce: "Yaro, ajali ba ya jiran asibiti. Inda aka rubuta, nan za a kwanta." Wannan gaskiya ne, mun yi imani da shi. Amma malamanmu na Sabo kullum suna karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya tare da riƙon sababi, kuma neman magani ba ya cin karo da yarda da ƙaddara. Sannan abin da muke tsoro ba mutuwa ba ce, ita tana nan tafe ga kowa. Muna tsoron shekara 5 ko 10 a kwance, ana juya mutum, ana ɗauke shi, dukiyar marayu tana ƙarewa, alhali ƙwayar magani ɗaya kullum da awo sau ɗaya a wata sun isa su zama sanadin tsare shi. Dattijon da ya ce ba ya son ya zama nauyi a kan kowa, shi ya fi kowa buƙatar zama kusa da likita.

Akwai kuma wadda ba a cika tambaya ba, wato uwargida. Unguwar Sabo tun 1916 take, akwai iyayenmu mata da a nan aka haifi kakanninsu. "Gida" a wurin maigida baƙon wuri ne a wurinta. Ita ma tana da nata hawan jinin, nata ciwon ƙafar, nata likitan da ta saba da shi. Kuma idan maigida ya kwanta, ita ce mai jinya ta farko. Adalci ne a zauna da ita a ji ta bakinta, lafiyarta ta shiga lissafi daidai da tasa.

Shawarar da muka fi gamsuwa da ita, ga wanda ya ƙudurta komawa, ita ce tsaka-tsaki. A koma Arewa, amma a zauna a birni ko garin da ke kusa da babban asibiti, ƙauye ya zama wurin ziyara. Muna da misali a cikinmu: wani dattijo da ya bar sana'ar goro, maimakon ya yi babban gini a ƙauyensu sai ya sayi ƙaramin gida a gefen Zariya. Yana zuwa gona da damina ya kwana biyu ya dawo, ana biki ko rasuwa yana halarta, ranar asibitinsa kuma ba ta wuce shi. Ya samu ranar da yake so, ya samu dangi, bai rabu da likita ba. Sannan kada a sayar da rumfa ko a saki ɗaki a nan sai an gwada. A je a yi bazara ɗaya cikakkiya da damina ɗaya. In jiki ya karɓa, madalla. In bai karɓa ba, ƙofar dawowa tana buɗe, babu kunya a ciki.

Mu ma ƙungiya akwai laifinmu. Mun ƙware wajen tara kuɗi bayan abu ya faru, amma ba mu taɓa zama mun tsara abin da zai hana shi faruwa ba. Saboda haka ga abin da za mu gabatar a taron wata mai zuwa, muna roƙon kowa ya zo da ra'ayinsa. Na ɗaya, a buɗe rajistar dattawanmu da suka haura 60, da amincewarsu, a san mai ciwo da irin ciwonsa, a riƙe sirrinsa. Na biyu, 'ya'yanmu da suka karanci aikin jinya da haɗa magani su riƙa awon jini da suga kyauta sau ɗaya a wata bayan sallar Juma'a, wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a tura shi asibiti a tabbatar. Na uku, duk wanda zai ƙaura a taimaka masa ya karɓi rahoton likita a rubuce, da sunayen magungunansa na asali da adadin da yake sha, da sakamakon gwaje-gwajensa, ya tafi da maganin aƙalla wata 3. Na huɗu, a naɗa mutum uku su je ofishin NHIA da na OYSHIA su jiyo sharuɗɗan shiga a ƙungiyance, su kawo mana a rubuce. Na biyar, a ware wani kaso na kuɗin wata-wata ya zama asusun lafiya, don mu daina bin rumfa da takarda duk lokacin da aka kwantar da wani.

Ga matasanmu kuma: idan Baba ya fara maganar komawa, kada ku yi masa gardama, kada kuma ku yi shiru don kunya. Ku ce, "Baba, mun ji, Allah Ya sa alheri. A ba mu mako biyu mu je mu dubo asibitin da ke kusa." Ku je, ku dawo ku faɗa masa abin da kuka gani tsakani da Allah. Wannan ma biyayya ce. Ku da ke shekara 40 da 50 kuwa, ku da mu, filin da za mu saya bana shi ne inda za mu tsufa, tun ran gini ran zane.

Wanda ke da uba ko uwa da suka riga suka koma, ya rubuto mana a ƙasa yadda suke samun magani a can, mai daɗi da mara daɗi, ba tare da ambaton suna ba. Abin da kuka gani zai amfani wanda ke shirin tafiya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu tsufa da ƙafafunmu da hankalinmu, Ya sa mu gama lafiya a duk inda Ya zaɓa mana. Amin.

Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya.